Yamusa da Miyar Gwangwani

Ranar da Yamusa ya zauna a bencina ya ce kar a zuba masa tuwo, na ɗauka wani laifi na yi masa. Ni ce Fatu mai abinci, wadda direbobi suke kira Maman Ikhlas, kuma rumfata tana bakin kara, wato kasuwar shanu, a Dei-Dei, daidai inda ake lodin shanu a manyan motoci. Tun ina goyon Ikhlas mutumin nan yake cin abincina, yanzu kuwa ita ma da nata goyon. A duk tsawon zaman nan ban taɓa tambayarsa me zai ci ba. Ina hango shi zan jawo kwano in zuba tuwon shinkafa, in malala miyar taushe har ta rufe shi, in ɗora masa ƙashi mai ɓargo don haƙoransa su samu aikin yi.

Bari in faɗa muku ko wane ne shi, don in ba ku san shi ba za ku ce wawa ne, alhali kuwa ba wawa ba ne. Mutumin Ushafa ne, Gbagyi, gajere mai kaurin wuya, mai dariya da kafaɗu. Ubansa manomin doya ne, amma shi tun yana saurayi suka ɓata da fartanya. Ya zo Dei-Dei ya fara dakon siminti a kasuwar kayan gini, daga nan ya maƙale wa wani direba har ya iya tuƙi. Motar da yake ja ta Alhaji Dallatu ce, wani dillalin shanu da ya zama mai motoci, kuma ya daɗe a cikinta har mutane suka daina cewa motar Alhaji, sai dai motar Yamusa. Shi Musulmi ne, matarsa Lydia Kirista ce mai ginin tukwane, kuma ban taɓa jin wannan ya hana su barci ba. Babbar 'yarsu Vivian tana aiki a wani katafaren kanti a Wuse, irin wanda ake tura keke ana zaɓar kaya da kai.

Wanda ba ya harkar ba zai sani ba, amma jan shanu daban yake da jan siminti. Mai siminti yana iya tsayawa ya ci, ya sha, ya miƙe ƙafa a gindin bishiya, kayansa ba sa mutuwa. Mai shanu kuwa in ya bar Dei-Dei ya nufi Fatakwal, ba shi da ikon kansa sai ya sauke. In motar ta daɗe tsaye a rana, zafi zai dake su, ɗaya ta kwanta, sauran su tattake ta, a isa da mushe. Saboda haka abincin Yamusa a hanya shi ne duk abin da za a iya miƙo masa ta taga: burodi, dafaffen ƙwai, gyaɗa, tsire a takarda, lemon kwalba. A haka ya ci ƙuruciyarsa har furfura ta fito, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba.

A farkon damina abin ya faru. Sun wuce Kotonkarfe sun doshi Lokoja sai ya ga titi ya rabu biyu a gabansa, alhali ya san ɗaya ne. Allah ya taimake shi ya gangara gefe, ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari har jirin ya sake shi. Da shi kaɗai ne da maganar ta mutu a nan. Amma a saman motar akwai Malam Abdulbaƙi, Bafulatanin da yake raka shanunsa kudu, mutumin da bai taɓa ganin abu ya haɗiye ba. Kafin su dawo, labari ya riga su isa kunnen Alhaji Dallatu.

Alhaji da kansa ya sa shi a gaba ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Aka ɗaura masa abin awo a dantse, aka ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Alhaji ba mugu ba ne, amma dukiyar mutane ce a bayan motar, ga rayukan mutane a titi. Ya ce Yamusa ya ci gaba da tuƙi yana bin maganar likita, in ruwa ya ɗauke su dawo a sake awo. In jinin ya sauka, shi ke nan. In bai sauka ba, ya ba shi makullinsa.

Da wannan maganar a kansa ya zo ya zauna a bencina ya yi tagumi.

"Baban Vivian, lafiya?" na ce. "Ko tuwon nawa ne ya gundure ka?"

"Maman Ikhlas, likita ya raba ni da kai." Hausarsa ke nan, mace da namiji duk kai ne a wurinsa. "Ya ce in bar gishiri. Ya ba ni ƙwaya. Kuma ya ce in ci ganye kullum, da yawa, kamar akuya."

"Shi ya ce kamar akuya?"

"Ni na ƙara wannan."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Miyata ce aka mayar guba da rana tsaka, kuma wanda ya mayar da ita bai taɓa lasa ba. Na ce zan riƙa ɗebar masa tasa kafin in sa gishiri. Ya ce ya gode, amma ba nan matsalar take ba. A Dei-Dei akwai ganye. A Ushafa ma Lydia tana da ɗan lambu a bayan gida inda take zuba ruwan wanke hannun yumɓu, alayyafo da rama har sun yi mata yawa. Amma kwana nawa yake yi a gida? Rayuwarsa a titi take, kuma ba a miƙo wa direba alayyafo ta taga.

Lydia ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yi masa kwaɗon rama ta danna a roba mai murfi, kafin su kai Okene zafin gaban mota ya lalata shi, da ya buɗe sai da ya jefar da robar gaba ɗaya. Ta ce laifin roba ne, ta gina masa wata 'yar tukunya mai murfi wadda take riƙe sanyi. Tukunyar kuwa ta riƙe sanyi har zuwa ramin farko na bayan Abaji, inda ta faɗo ta fashe a ƙafarsa. Ya isa Fatakwal da garin ƙuli-ƙuli a cikin takalmi.

Vivian ce ta kawo abin da kowa ya ɗauka mafita ce. Wata Asabar ta isa gida da katan a bayan babur. 'Yan gwangwanaye ne a ciki, dogaye, da hoton tumatir da karas a jiki, da wasu ganyaye da ko Lydia ba ta san sunansu ba. Ta ce manyan mutane ne suke saye a kantinsu in za su yi tafiya.

"Daddy, vegetable juice ne," ta ce masa, kamar yadda ya maimaita mana daga baya. "An matse ganyen duka a ciki. Ba ya lalacewa, ba ya fashewa. Just open ka sha, ka gama da ganyen ranar."

Ya zo da guda ɗaya rumfata ranar da za su yi lodi, benci cike da direbobi da dillalai. Ya goge saman da hannun riga, ya ɓalle, ya yi bisimilla ya kurɓa. Muka zuba masa ido. Ya riƙe abin a baki yana waige-waige kamar mai neman inda zai tofar, sannan ya haɗiye da ƙyar.

"Maman Ikhlas, ka ɗanɗana. Kamar an manta ba a dafa ba."

Na ɗiga a tafin hannu na lasa. Gaskiyarsa. Markaɗen tumatir ne ɗanye, mai sanyi, mai tsami, irin wanda nake dawowa da shi daga inji kafin in ɗora a wuta. Na tsufa a kan murhu ban taɓa ganin wanda ya ɗauki markaɗe ya kafa kai ba. Amma kuma ga shi an zuba a gwangwani mai kyau, an rufe, an ɗauko daga wata ƙasa, kuma masu hali suna saye. To wa ya yi kuskure, mu ko su?

Nan take benci ya rabu. Wani ya ce magani ne, kuma ba a neman daɗi a magani. Wani ya ce duk abin da ya kwana a gwangwani ya mutu, babu sauran ganye a ciki sai hoto. Malam Abdulbaƙi yana gefe yana tsoma burodi a shayi, ya ce shi bai ga abin wahala ba: saniya tana wuni tana cin ciyawa, shi kuma yana shan nononta yana cin namanta, ganyen da zai iso shi ai ya iso. Aka yi dariya, amma na lura Yamusa bai yi ba. Juya gwangwanin kawai yake yi a hannu yana kallon hoton.

Da ya dawo daga wannan tafiyar sai na gan shi fuska a sake. Ya ja ni har gaban motar, ya ɗaga murfin inji, ya ce in zo in ga kicin ɗinsa. A gefen injin, inda ƙarfe yake ɗaukar zafi, ya ɗaure waya ya yi mata zobe, a cikin zoben kuma ga wata gorar ƙarfe mai murfi. In ya tsaya shan mai ko an tsayar da shi a shinge, sai ya juye gwangwani a gorar, ya gyara, ya murɗe murfi ya maƙala. Kafin tsayawa ta gaba abin ya yi zafi, sai ya yagi burodi yana tsomawa yana tuƙi.

"Wane irin gyara?" na tambaya.

"Na tuna yadda Lydia yake yi. In tumatir ya yi tsami, kanwa ake sawa."

Na gyaɗa kai, don duk macen da ta taɓa riƙe ludayi ta san wannan.

"Sai dunƙule biyu. Sai yaji kaɗan."

"Baban Vivian, ba an hana ka gishiri ba?"

"Gishiri aka hana. Ka ga gishiri a nan?"

Ya buɗe aljihun mota ya nuna mini. Ga ƙullin kanwa, ga ledar dunƙulen miya, ga kwalbar yaji. Gishiri kam babu ko ɓurɓushi. Na tsaya ina tunani. Likita gishiri ya ambata, bai ambaci dunƙule ba, kuma da yana nufinsa ai da ya faɗa, tunda shi ya yi karatun. Duk wanda na sani da aka hana gishiri, dunƙule yake komawa. Ya zuba mini kaɗan a murfin gorar na kurɓa, kuma abin haushin shi ne ta yi daɗi.

Kafin a jima duk kara ta san da miyar gwangwani, sunan da direbobi suka sa mata ke nan. Wasu har yagar burodi suke yi su bi shi suna roƙon tsomi ɗaya. Ina zaune da tukunyar miya cike a gabana ina kallon ƙartai suna layi a gindin inji. Kishi kam na yi, amma na yi masa murna. Mutumin ya samu hanyar riƙe motarsa, ko kuma haka muka zata.

Saura ƙwayar likita, kuma ita ce ta haɗa shi faɗa da Malam Abdulbaƙi. Ƙwayar tana sa shi yawan fitsari. Kafin a yi wata tafiyar kirki ya gangara gefe ya ruga bayan ciyawa, Malam kuma yana sama yana dukan rufin mota da sanda yana tambaya ko a nan za su kwana. A wata tafiya har wata saniya ta kwanta, da ƙyar aka tayar da ita. Yamusa ya san in wannan ma ya kai kunnen Alhaji, ba sai an jira ɗaukewar ruwa ba. Sai ya zauna ya yi nasa tunanin.

"Ƙwaya na hawan jini ne, ganye ma na hawan jini ne," ya ce mini. "Ciwo ɗaya, magani biyu. Ɗaya yana tsayar da mota, ɗaya ba ya tsayarwa. Sai na ajiye mai tsayarwa, na ninka ɗayan."

Raina bai kwanta ba, amma na juya maganar tasa ta kowane gefe ban ga inda ta karkace ba. Na ce masa ya dai tambayi likita. Ya ce in ruwa ya ɗauke ai za su haɗu.

Haka daminar ta wuce. Yana sha da safe, yana sha da rana, yana sha da yamma, Vivian kuma ba ta gaji da kawo katan ba. In ta kira shi a waya ta ce, "Daddy, kana sha?" sai ya ce yana sha. In ya je gida Lydia ta ce ya bar gishiri, ya ce ya bari. In Alhaji ya tare shi ya tambaya ko yana bin maganar likita, ya ce har ya wuce inda likita ya tsaya. Bai yi wa kowa ƙarya ba, shi ne abin da yake ba ni mamaki har yau. Ni dai na ga takalminsa ya fara matse shi har ya take bayan, kuma da safe yana yawan dafe ƙeya. Na yi masa magana, ya ce maganin ne yake kokawa da ciwon.

Wata rana Lydia ta kawo tukwane kasuwa ta biyo ta wurina. Mace ce marar yawan magana, kullum da saurar jar ƙasa a faratanta. Na ba ta kunu ta zauna. Ta ce gwangwanayen da ya shanye sun cika mata bayan gida, har ta huda gindinsu ta shuka irin barkono a ciki.

"Maman Ikhlas, ni ban gane ba," ta ce. "Alayyafo yana tsufa a lambu har ya yi fure, maigida kuma yana shan na gwangwani. Amma Vivian ya yi makaranta. Ko nasu ya fi namu ƙarfi ne?"

Na ce mata tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Muka zauna mu biyu, ita mai gina tukunya ni mai dafa abinci a ciki, muka kasa yanke hukunci a kan ruwan tumatir. Ta shanye kununta ta ɗauki gammonta ta tafi.

Da ruwa ya ɗauke, ranar awo ta zo. Ya biyo ta rumfata da safe cikin farin kaftani da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gorar ƙarfen tana hannunsa, cike, da ɗuminta. Na ce ina zai kai ta, ya ce zai nuna wa likita ne don ya koya wa sauran direbobi masu irin ciwonsa. Ban je asibitin ba, amma ya ba ni labarin sau da yawa har ina jin kamar ina wurin.

Ma'aikaciyar jinyar da ta auna shi sunanta Sumayyah. Ta ɗaura abin awo, ta duba, ta kwance ta koma ɗaya hannun. Ta ce ya ɗan huta. Ta je ta ɗauko wani abin awon daban ta sake. Sannan ta kalli Alhaji, wanda ya rako shi, ta kalle shi.

"Baba, ya fi na da hawa."

"Na'uran ne ba shi da lafiya," ya ce. "Ni ganye nake sha, safe da rana da yamma."

"Wane ganye?"

Ya miƙa mata gorar yana murmushi. Ta zuba kaɗan a murfi ta taɓa da harshe, ta yamutsa fuska, ta nemi ruwa.

"Baba, wannan ai gishiri ne zalla."

"Babu gishiri. Wallahi ban sa ba."

Ya faɗa mata abin da ya sa, ɗaya bayan ɗaya, har yana gyara zama. Ta dafe kai ta je ta kira likita. Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya zaunar da shi ya ce dunƙule yawancinsa gishiri ne aka curo, kanwa kuma wajen hawan jini ita da gishiri uwarsu ɗaya. Ya ƙara da cewa irin wannan ruwan ma da yawansa da gishirinsa yake zuwa tun daga inda aka yi shi. Yamusa ya tambaya, ke nan gwangwanin ba shi da kyau? Likita ya ce ba haka yake nufi ba, akwai wanda ba a sa wa gishiri, kuma yana ɗan taimaka wa matafiyin da ba ya samun ganye. Yamusa ya ce, ke nan yana da kyau? Likita ya ce bai kai cin ganyen ba, kuma ya danganta. Sannan ya tambaye shi labarin ƙwaya, nan ne Yamusa ya faɗa masa ya daɗe da ajiye ta.

"Ya ce yana da kyau, kuma ya ce ba shi da kyau," Yamusa ya ce mini daga baya. "Abu ɗaya fa, Maman Ikhlas."

Sai da suka fito bakin ƙofa, kusa da motarsa, Alhaji ya miƙa hannu yana kallon ƙasa. Ya ce ba kora ba ce, ya je ya huta. Yamusa ya ciro makullin. Da wata 'yar tsirkiyar fata ya ɗaure shi tun ranar da aka fara ba shi motar, ya so ya kwance ta ya riƙe, amma ƙullin ya daɗe har ya zama ɗaya da ƙarfen. Ya miƙa da ita a jiki.

Washegari Vivian ta zo rumfata idanu jawur, uban yana zaune a benci. Ta durƙusa a gabansa tana cewa ita ta kashe masa aiki. Ya ɗaga ta ya ce ta daina, ita alheri ta yi.

"Daddy, nobody told me za ka dafa," ta ce tana share hawaye.

"Ni ma ba wanda ya ce mini ba a dafawa."

Na kalle su na ji tausayi ya kama ni, kuma na ji haushi ban san da wa zan yi ba. Na so in samu mutum ɗaya in ɗora masa laifin in huta. Yarinyar ta nemi lafiyar ubanta. Likita ya faɗi gaskiya iya abin da aka tambaye shi. Alhaji ya yi haƙuri damina guda. Har Malam Abdulbaƙi da sandarsa, shanunsa yake karewa. Na ƙare da zagin gwangwani, shi kuma ba ya ji.

Yamusa ya koma Ushafa, bencina ya daɗe bai gan shi ba. Labarinsa sai a bakin Lydia in ta kawo tukwane. Ta ce yana shan ƙwayarsa kullum, tunda yanzu ba motar da za ta tsaya. Yana cin alayyafo da rama har ta fara tsoron lambun zai ƙare. Yana barci da wuri. Da rana yana tura mata yumɓu a baro daga inda ake haƙa, ranar gasa tukwane kuma shi yake jera itace. Ta ce ba ya ƙorafi, amma in babbar mota ta wuce ta titin Bwari sai ya daina abin da yake yi har ƙararta ta ɓace.

Gab da faɗuwar wata daminar sai ga shi. Da ƙyar na gane shi, wuyan nan ya zabge, takalmi har yana masa yawa. Ashe asibiti ya fara zuwa shi kaɗai, Sumayyah ta auna ta ce jinin ya sauka, ya dawo daidai, har ta kira likita ya zo ya yi masa barka. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai wurin Alhaji Dallatu. Alhaji ya yi murna, ya yi hamdala, ya ba shi wurin zama. Sannan ya ce motar tana hannun Tawfiq, magidanci mai iyali da ya bar wani aikin ya karɓe ta, ba zai iya ƙwacewa a hannunsa ba. Ya kuma ce masa wata magana da ta tsaya masa a wuya. Ya ce, "Yamusa, kana cikin mota ya hau, ka sauka ya sauka. In ka koma fa?"

Daga can ya zo ya zauna a bencina, a gurbinsa na da. Ana ta lodi a gabanmu, kuma motar da ake wa lodin tasa ce.

"Maman Ikhlas, me ya saukar da shi?" ya ce. "Ganye ne, ko ƙwaya ne, ko barci ne? Ko barin motan ne?"

"Allah ne ya saukar, Baban Vivian."

"Na sani. Amma da me?" Ya murza gwiwa. "In motan ne ciwon, to me na je nema wurin Alhaji? In kuma ba shi ba ne, me ya raba ni da shi?"

Na tashi na ɗora ƙaramar tukunya na yi masa miyar alayyafo shi kaɗai, ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa. Miya ce da zan ji kunya wani ya ce daga hannuna ta fito. Na zuba masa a kan tuwo na ajiye a gabansa, ya wanke hannu ya fara ci.

Yana cikin ci aka gama lodi aka rufe bayan motar. Malam Abdulbaƙi ya hau sama da sandarsa, ya hango mu ya ɗaga ta yana gaisuwa. Aka danna hon. Kafin in ankara Yamusa ya miƙe tsaye, hannun dama da miya, na hagu yana laluben makulli a aljihu. Sai ya tuna. Tawfiq ya tayar da motar ya nemi giya, ta yi wata ƙara mai cin rai.

"Ba haka ake sa masa ba," Yamusa ya ce a hankali, ba da ni yake ba. "Sai an lallaɓa shi."

Ya tsaya a haka har motar ta fita daga kara ta hau titi, ta shige tsakanin sauran motoci. Na zata zai wanke hannu ya tafi, har na miƙa hannu zan ɗauke kwanon. Sai ya zauna ya jawo shi gabansa, ya ci gaba da cin ganyensa har ya suɗe, don likita ya ce ya ci da yawa.